Mama na yawan tashi fitsari da dare, kuma ta faɗi sau biyu: ko akwai alaƙa?

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 76. Kusan shekara guda ke nan tana tashi fitsari sau huɗu ko biyar a dare, wani lokacin kafin ta kai banɗaki ya zubo. Cikin wata uku ta faɗi sau biyu, duk da dare, Allah dai ya kiyaye ba ta karye ba. Tana shan maganin hawan jini, da wani na rage ruwan jiki saboda kumburin ƙafa. Yanzu ta rage shan ruwa ƙwarai don kada fitsarin ya dame ta. Fitsarin ne ke kayar da ita, ko tsufa ne kawai? Kuma ko in saya mata maganin riƙe fitsari?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Akwai alaƙa ƙwarai tsakanin fitsarin da faɗuwar. Maganin riƙe fitsari kuwa kada ki saya mata tukuna, domin a irin halin da kika bayyana yana iya zama sanadin faɗuwa ta uku.

Faɗuwar tsoho abu ne da muke ɗauka da nauyi a aikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Abin da muka fi tsoro shi ne karayar ƙugu, don cikin tsofaffin da suka samu irin wannan karaya, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba sa cika shekara guda bayanta, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma ba sa komawa tafiyarsu ta da. Wanda ya faɗi sau biyu cikin wata uku ya riga ya shiga sahun waɗanda ya kamata a bincika su sosai, ko da bai ji rauni ba.

Kuɓucewar fitsari iri-iri ce, kuma bambancin yana da amfani a nan. Akwai wanda ke ɗiga idan mutum ya yi tari, ko atishawa, ko ya ɗaga abu mai nauyi. Akwai kuma wanda ke zuwa da matsi farat ɗaya, mutum yana zaune lafiya sai ya ji kamar mafitsara za ta fashe, kafin ya isa banɗaki ya zubo. Na Mama wannan na biyun ya fi kama da shi. A shekarar 2000 an wallafa wani bincike a Amurka wanda ya bibiyi tsofaffin mata sama da 6,000 na kimanin shekara uku. Waɗanda fitsarin matsi ke kuɓuce musu aƙalla sau ɗaya a mako, haɗarin faɗuwarsu ya ƙaru da kashi 26 cikin ɗari, na karaya kuma da kashi 34. Masu ɗigar tari da atishawa ba a ga haka a wurinsu ba. Duka biyun suna jiƙa tufa, amma ɗaya ne kaɗai ke sa mutum gudu. Mutane sukan ɗauka santsin fitsarin da ya zuba a ƙasa ne ke kwashe tsoho. Hakan na faruwa, sai dai gaggawar ce ta fi yin ɓarna.

Ki kwatanta daren Mama. Ƙarfe uku tana cikin barci mai nauyi, mafitsara ta matse, ta farka a firgice da tunani ɗaya: kada in jiƙa shimfiɗa. Ta zabura ta miƙe. Da mutum ya tashi daga kwance, jini yakan taru a ƙafafu, sai jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ƙara bugu don kai ya samu rabonsa. A jikin matashi kafin ƙiftawar ido an gama wannan gyara. A jikin tsoho yana jinkiri, musamman mai shan maganin hawan jini, balle kuma wadda ta rage shan ruwa. Cikin waɗannan daƙiƙu sai jiri, ido ya yi duhu. Idon tsoho kuma yana daɗewa kafin ya saba da duhu, in aka kunna fitila mai haske sosai kuma ta kashe masa ido. Sannan ga wani abin da ba a cika lura da shi ba: tafiya ga tsoho aiki ne da ke buƙatar hankali, riƙe fitsari ma haka. An gwada mutane da cikakkiyar mafitsara, aka ga takunsu na canzawa, ya gajarce. Hankalin Mama ya rabu biyu, rabi na ƙoƙarin tsare fitsari, rabi na neman hanya, sai gefen darduma ko dokin ƙofa ya ƙarasa aikin.

Ki tambaye ta wani abu: a hanyar zuwa ta faɗi, ko a dawowa? Faɗuwar zuwa galibi ta sauri ce da jirin tashi. Ta dawowa kuwa tana iya nuna wani abu dabam, domin idan cikakkiyar mafitsara ta sace a lokaci ɗaya, jini kan sauka, har wasu su suma nan take. An fi ganin haka a maza masu fitsari a tsaye da dare. Ki kuma tambaye ta ko tana tuna lokacin da ta kai ƙasa. In ba ta tuna ba, mai yiwuwa suma ta yi, kuma wannan na buƙatar a duba zuciyarta.

Akwai hanya ta biyu da abubuwan ke haɗuwa, wato su fito daga tushe ɗaya. Sashen ƙwaƙwalwa da ke cewa mafitsara "dakata, ba yanzu ba" maƙwabcin sashen da ke sarrafa ƙafafu ne. Hawan jini na shekara da shekaru yana lalata ƙananan jijiyoyin jini a wurin, sai ka ga tafiya ta yi nauyi, fitsari ya ƙi riƙuwa, duk a lokaci guda. Haka ciwon sukari ke yi, ya kashe jin tafin ƙafa, ya taɓa jijiyoyin mafitsara, ya kuma ƙara yawan fitsarin kansa. Shanyewar ɓarin jiki da cutar Parkinson mai sa karkarwa ma suna taɓa duka biyun. Akwai ma wata taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa da aka bayyana tun 1965, alamunta uku: tafiya kamar ƙafa ta manne da ƙasa, kuɓucewar fitsari, da mantuwa. Ba ta da yawa, amma ana iya yi mata aiki a samu sauƙi, shi ya sa nake ambatonta. Wannan ne dalilin da ba na yarda da kalmar "tsufa ne kawai". Tsufa na rage ƙarfin mafitsara, gaskiya ne, amma tashi sau biyar a dare da faɗuwa sau biyu suna da dalili, kuma yawancin dalilan ana iya rage su.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarki shi ne kumburin ƙafa. Ruwan da ke taruwa a ƙafafu da yini, da mutum ya kwanta sai ya koma cikin jini, ƙoda ta tace shi ya zama fitsari. Mai kumburin ƙafa yana iya kwanciya da ruwa mai yawa a ƙaurinsa, ya fitar da shi kafin asuba. Ƙari a kan haka, akwai sinadarin da jiki ke ƙara fitarwa da dare don ƙoda ta rage aiki a samu barci, kuma da tsufa yakan ragu. Saboda haka mai yiwuwa mafitsarar Mama ba ta da wani babban laifi, fitsarin ne ake yi mata da yawa a lokacin da bai dace ba. In haka ne, maganin riƙe fitsari ba zai taɓa matsalar ba ko kusa.

Hanyar ganewa tana hannunki. Ki samu kofin awo mai alamar mililita, ku yi kwana uku kuna rubuta lokacin kowane fitsari da yawansa, dare da rana, da abin da ta sha. Na san aiki ne mai gundura, amma a wurina takardar nan ta fi gwaje-gwaje masu yawa amfani. Ki haɗa fitsarin dare har da na farko da safe. In ya wuce kashi ɗaya bisa uku na fitsarin awa 24, to yawan fitsarin dare ne matsalar. In kuwa tana yin kaɗan-kaɗan, kamar mililita 100 ko 150 sau da yawa, alhali mafitsarar babba kan ɗauki 400 zuwa 500, to mafitsarar ce ke matsewa kafin ta cika, ko kuma ba ta sacewa duka. Sau da yawa ana samun duka biyun a mutum ɗaya.

Idan kumburin ne, a kan samu sauƙi da abubuwa masu sauƙi. Ta kwanta ta ɗora ƙafafu a kan matashi na awa ɗaya ko fiye da yamma, don ruwan ya sauka tun tana farke. A rage gishiri. Maganin rage ruwa irin furosemide in aka sha shi dab da dare, bala'i ne, in kuma da sassafe ne, ƙarfinsa ya ƙare kafin ƙafa ta kumbura, shi ya sa wasu likitoci ke mayar da shi tsakar rana ko farkon yamma, kimanin awa shida kafin barci. Wannan shawarar likitanta ce, kada ki canza da kanki. Ki duba kwalin maganin hawan jinin kuma: in amlodipine ne, shi kansa yana kumbura ƙafa. Na sha ganin an ba mutum shi, ƙafa ta kumbura, aka ƙara masa maganin rage ruwa, fitsari ya yi yawa, aka ƙara na riƙe fitsari, ya ruɗe ya faɗi. Magani uku, kowanne na gyaran ɓarnar na gabansa. Dole kuma a tabbatar kumburin ba daga zuciya ko ƙoda yake ba. In tana minshari mai ƙarfi, numfashi na ɗaukewa cikin barci, ki faɗa wa likita, don wannan ma na ƙara fitsarin dare.

Rage shan ruwan da ta yi, na fahimci dalilinta, amma gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Fitsari mai kauri yana ƙara tsokanar mafitsara, matsin ya ƙaru. Ƙarancin ruwa yana sa jini ya sauka in ta miƙe, yana taurara bayan gida, hanji da ya cushe kuma yana danne mafitsara. In dai likita bai ƙayyade mata ruwa ba saboda zuciya ko ƙoda, ta sha kimanin lita ɗaya da rabi a yini, yawanci da safe da rana, ta sassauta awa biyu ko uku kafin kwanciya. Shayi da kofi su tsaya a safiya.

Yanzu ga maganin da kika tambaya. Wanda aka fi samu shi ne oxybutynin da 'yan uwansa. Suna kwantar da mafitsara, amma ba a nan kaɗai suke tsayawa ba: suna busar da baki, suna taurara bayan gida, suna dushe gani, a tsoho kuma suna iya kawo ruɗewa da mantuwa. In mafitsarar dama ba ta sacewa duka, sai fitsari ya toshe gaba ɗaya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Don haka kafin a ba da irinsu ake auna ragowar fitsarin da ke mafitsara bayan mutum ya gama, da na'urar hoton ciki, aikin minti biyu. Akwai wani magani, mirabegron, da bai cika taɓa ƙwaƙwalwa ba, sai dai yana iya ɗaga hawan jini, Mama kuwa tana da shi. Akwai desmopressin mai rage fitsarin dare, amma a tsofaffi yana iya zubar da gishirin jini har ya kai ga haɗari, kuma ba a haɗa shi da furosemide. Maganin barci irin diazepam kuwa, don Allah kada a kusance shi da sunan ta samu hutu. Ba ya hana mafitsara cika, sai dai ta tashi cikin maye.

Tunda wasu masu karatu iyaye maza suke jinya, bari in ratsa kaɗan. A namiji galibi furostet ne, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda ke girma da shekaru har ya matse hanyar fitsari. Kusan rabin maza na da wannan girman a shekara 60. Magungunan da ake bayarwa, irin tamsulosin da doxazosin, suna buɗe hanya, amma suna saukar da jini in an miƙe, musamman a makonnin farko. Baba ya riƙa fitsarin dare a zaune, kuma a sa masa ido sosai lokacin da ya fara maganin.

Wani kuskuren da ke yawan faruwa: tsohuwa ta faɗi, a gwada fitsari, a ga ƙwayoyin cuta, a ce an gano dalili, a ba da maganin kashe su, a rufe magana. Tsofaffin mata da yawa suna da ƙwayoyin cuta a fitsari ba tare da suna cutar da su ba. In babu zafin fitsari, ko zazzaɓi, ko ciwon mara, ko canji na kwatsam, a ci gaba da neman dalilin faɗuwar a wani wurin.

Abin da na fi so ki koya wa Mama shi ne yadda za ta yi idan matsin ya zo, domin saɓanin abin da jiki ke umarta ne. Matsin fitsari kamar igiyar ruwa yake, ya taso, ya kai ƙololuwa, ya lafa. Wanda ya ruga a ƙololuwar ne ke zubarwa, shi ne kuma ke faɗuwa, sauri ya haifi nawa. Ta tsaya cak ko ta zauna, ta matse tsokar da ake riƙe tusa da ita sau biyar ko shida da sauri-sauri, ta ja numfashi a hankali. Matsewar nan tana aika saƙo mafitsara ta lafa, ta daina matsin. In ya lafa sai ta tafi da takunta na kullum. Atisayen wannan tsoka, wanda wani likita Ba'amurke mai suna Arnold Kegel ya bayyana a 1948, yana aiki har a tsofaffi: matsewa na 'yan daƙiƙu, saki, sau goma, sau uku a yini, amma sai an yi kamar wata uku ake ganin amfaninsa sosai. Da rana ta riƙa zuwa banɗaki bisa agogo, kamar duk awa biyu, a riƙa ƙara tazarar a hankali. Ga matan da al'ada ta ɗauke musu tuntuni, man estrojin (sinadarin jikin mata) da ake shafawa a gaba yana rage matsin ga wasu, a tambayi likita.

Duk waɗannan suna ɗaukar lokaci, daren yau kuwa na zuwa. Ki bi hanyar da take bi daga gado zuwa banɗaki, ke da kanki, a cikin duhu, za ki ga abin da ba ki gani da rana. A kwashe darduma, wayoyi da takalma daga hanya. A bar ƙaramar fitila a kunne har safe. A sa maƙamar hannu a bangon banɗaki, don ƙofa da marikin tawul ba sa ɗaukar nauyin mutum. Silifas mai sulɓi da tufar barci mai jan ƙasa a sauya su. In ta farka ta zauna a bakin gado kamar minti ɗaya, ta motsa ƙafafu, sannan ta miƙe. Mafi amfani duka shi ne a gajarta tafiyar: kujera mai fo a gefen gado. Tsofaffi da yawa na ƙin ta da farko, suna ganin ƙasƙanci ne. Kada ki tilasta, ki ce na dare ne kawai, na ɗan lokaci. Haka kunzugun manya: amfaninsa a nan shi ne ya cire mata fargabar jiƙa shimfiɗa, in fargabar ta tafi gudun ma ya tafi. Robar fitsari kuwa ba a sa ta don wannan, tana kawo cuta, ita kanta kuma abin harɗe ƙafa ce.

Ƙafafun ma a ƙarfafa su. Tashi daga kujera da zama sau goma, sau biyu a yini, da tsayuwa a kan yatsu tana dafe da abu mai ƙarfi. Bayan faɗuwa tsoro kan sa tsoho ya daina motsi, 'ya'ya ma su ce "zauna Mama, a kawo miki", tsoka ta narke, faɗuwa ta gaba ta matso. Za ki iya gwada ta a gida: ta tashi daga kujera, ta yi tafiyar mita uku, ta juyo ta zauna, kina tsaye kusa da ita. In ya ɗauke ta daƙiƙa 12 ko fiye, tana buƙatar likitan motsa gaɓoɓi. A duba idonta saboda yanar ido, a kuma duba ƙarfin ƙashinta, domin mace mai shekara 76 na iya samun zaizayar ƙashi ba ta sani ba, kuma akwai maganinta.

Wasu alamun ba a jira da su: jini a fitsari, fitsari ya ƙi fita ga mara ta kumbura, zazzaɓi da ruɗewa farat ɗaya, ƙafafu su rasa ƙarfi tare da mutuwar jin tsakanin cinyoyi, ko suma. In ta sake faɗuwa kada a yi saurin ɗaga ta. In tana kukan ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, a bar ta kwance, a lulluɓe ta, a nemi taimako. In ta bugu a kai, musamman in tana shan maganin tsinka jini irin warfarin, a kai ta asibiti ko da ta ce lafiyarta ƙalau.

Ki nemi ganin likitanta cikin makon nan ko mai zuwa. Kafin nan ku yi magana ku biyu, don iyaye mata da yawa in suka shiga gaban likita hawan jini kawai suke ambata, kunya ta hana su faɗin sauran, ki nemi izininta ke ki faɗa. Ki tafi da takardar kwana ukun, da duk magungunan da take sha a kwalayensu, har waɗanda ba likita ya rubuta ba. Ki roƙa a auna jininta tana kwance, sannan a sake bayan ta miƙe da minti ɗaya da kuma minti uku. In lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, daga nan za a fara gyara magungunanta.